Hukuncin manyan kotuna: ina ruwan manomi, ɗan kasuwa da ɗan ci-rani da abin da alƙalan Yamai suka yanke?

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, makiyaya sun fara gangarowa kudu. Kowa ya san wannan ne lokacin da rigingimu ke tashi: iyakar gona, ɓarnar dabbobi, bashin da aka ce sai an yi girbi, gadon da aka ɗage rabonsa tun kafin damina. Mafi yawan waɗannan maganganu a ƙofar mai gari suke mutuwa. Wasu kuma suna wucewa jastis, daga can kotun ɗaukaka ƙara, har su dangana da kotun ƙoli a Yamai, wani lokaci ma har Abijan.

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar cewa hukuncin waɗannan manyan kotuna sha'anin 'yan siyasa ne da manyan attajirai. Mu kuwa a wannan sharhi muna so mu nuna cewa abin da suke yankewa yana sauka har kan gonar gado da kantin tireda. Kuma tun daga 2023 abubuwa da dama sun sauya a tsarin shari'ar ƙasarmu, waɗanda ya kamata mai ƙara ya sani kafin ya sayar da bijiminsa ya hau mota.

Yadda tsanin yake

Bari mu fara daga ƙasa. Dokar 2015 da ta tsara sarautar gargajiya ta ba mai gari da sarki ikon sasanta mutane a kan al'ada, gado da gonaki. Sasantawa fa, ba yanke hukunci ba. In an shirya, a rubuta takardar sulhu, wadda ake kira PV. In ba a shirya ba, nan ma a rubuta cewa sulhu ya gagara. Wannan takarda ita ce alƙali zai fara tambaya idan maganar gona ta zo gabansa.

Daga nan sai ƙananan kotuna na gundumomi, sai manyan kotuna irin na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni, Doso da Yamai, sai kotunan ɗaukaka ƙara na Yamai, Damagaram da Tawa. Dokar 1 ga watan Yuni 2018 ce ta tsara wannan, bayan ta maye gurbin ta 2004. Dokar ta ce a kan aure, saki, gado da gonakin da ba su da rajista, alƙali zai yi aiki da al'adar masu shari'ar, muddin ba ta saɓa wa doka ko yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su ba. Shi ya sa kuke ganin dattawa ko malamai zaune kusa da alƙali a irin wannan shari'a. Su ne masu ba shi shawara kan abin da al'ada ta ce.

A can sama kuma, a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, akwai kotuna biyu da suka shafi maganarmu. Ɗaya ita ce Cour de cassation, mai duba shari'o'in tsakanin mutum da mutum. Ɗayar ita ce Conseil d'Etat, mai duba ƙarar da ɗan ƙasa ya kai hukuma. Bayan 26 ga Yuli 2023 majalisar CNSP ta jingine kundin, aka haɗe aikin kotunan biyu ƙarƙashin rufi ɗaya mai suna Cour d'Etat, wato kotun ƙoli ta ƙasa, aka ɗora alƙali Abdu Ɗan Galadima a kanta. Sunan ba baƙo ba ne, don an yi Cour d'Etat zamanin Seyni Kountché, an kuma yi ta a 2010 zamanin Salou Djibo. Mutane da yawa sun fara jin sunanta ne ranar 14 ga Yuni 2024, lokacin da ta cire wa tsohon shugaban ƙasa Bazoum Mohamed rigar kariya. To amma aikinta na yau da kullum shi ne irin namu: gona, fili, gado, albashi, kora daga aiki.

Abin da mutane suka fi kuskurewa

Ga wata magana da muke so kowa ya riƙe. Kotun ƙoli ba ta sake shari'a daga farko. Ba ta kiran shaidu, ba ta zuwa gona ta ga inda gamba ko gawo ya raba iyaka, ba ta sa kowa ya rantse. Tambayarta ɗaya ce: alƙalan da suka yanke hukuncin nan, sun bi doka kuwa? Sun yi aiki da al'adar da ta dace? Sun bayyana dalilinsu? Sun amsa hujjojin da kowane ɓangare ya gabatar? In ta ga sun bi, sai ta kori ƙarar. In ta ga sun kauce, sai ta rushe hukuncin, kuma galibi ta mayar da shari'ar ƙasa a sake zama da wasu alƙalai.

Kun ga ke nan, wanda aka ce masa ya ci shari'a a Yamai, sau da yawa abin da ya samu shi ne damar sake farawa. Gonar ba ta dawo hannunsa ba tukuna. Wannan ne ke sa shari'ar gona ɗaya ta cinye shekaru, wanda ya shigar da ita ya rasu, 'ya'yansa su gaji takardu da gaba. Hausawa suna cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Darasin a nan shi ne, shari'a a ƙasa ake cin ta. Shaidar da ba ka kawo a kotun farko da ta ɗaukaka ƙara ba, babu inda za ka shigar da ita a sama. Haka kuma kowane mataki yana da wa'adinsa, kuma wa'adin gajere ne. Ranar da wisiye ya miƙa maka takardar hukunci, ko ranar da aka yanke shi kana tsaye, lissafi ya fara. Mutum ya karɓi takarda da faransanci, ya ninke ya sa a aljihun riga ya ce sai ɗansa ya dawo daga makaranta lokacin hutu, kafin nan ƙofa ta rufe. Kuma kai ƙara kotun ƙoli ba kullum yake tsayar da aiwatar da hukunci ba. Ranar da aka ba ka takarda, ranar za ka nemi mai karanta maka, ka je wurin magatakardan kotu ka tambayi kwana nawa suka rage.

Gona: takarda ta fi rantsuwa nauyi

Ba sai an gaya wa mutumin Maraɗi abin da rikicin ƙasa ke iya haifarwa ba. Abin da ya faru a Toda cikin Oktoba 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100, har yau ba a manta ba. Bayan shekara biyu ba cikakku ba, ranar 2 ga Maris 1993, aka fitar da dokar tsarin karkara, Code rural. Babbar maganar da ke cikinta ita ce mallakar gona ta hanyar al'ada tana da kariya daidai da mallakar da ke rubuce. A 2010 kuma aka fitar da dokar kiwo, wadda ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa, ta kuma hana a mayar da burtali da makiyaya gonar wani.

To amma kariya a doka abu ɗaya ne, tabbatar da ita gaban alƙali wani abu ne dabam. Saboda haka aka kafa kwamitocin ƙasa da muke kira Cofo: na gari wanda mai gari ke shugabanta, na kwamin, da na gunduma. Suna ba da takardar shaidar gonar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina.

Ku duba inda rigima ta fi fitowa. Kaka ya ba baƙo aron gona shekara 40 da suka wuce, baki da baki, gaban shaidu uku. Shaidun sun rasu. Jikokin mai aro suna cewa kyauta ce, jikokin mai gona suna cewa aro ne. Alƙalin farko ya saurari dattawa ya ba wannan, na ɗaukaka ƙara ya ba wancan, kotun ƙoli kuma ba za ta ce wane ne ya faɗi gaskiya ba, sai dai ta duba ko an bi ƙa'ida. Takarda ɗaya ta Cofo da an rubuta tun farko da ta raba gardamar. Kuɗin yin ta bai kai kuɗin motar zuwa kotu sau biyu ko uku ba. Rigakafi ya fi magani.

'Yan uwanmu da ke Abijan, Kwatano, Akra, Aljeriya, Libiya ko Saudiyya, wannan magana taku ce ƙwarai. Kuna turo kuɗi a saya muku fili a Maraɗi ko Yamai, ku ce ai ƙanena ne ko abokina ne. Ku tambaya sunan wa aka rubuta a takardar. Ku sa a turo muku hotonta. In fili ne na cikin gari da aka yanka, a je ofishin magajin gari a tabbatar ba a sayar wa wani shi ba, don sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba sabon labari ba ne a kotunanmu. In kun wakilta wani, a rubuta wakilcin. Kuma ku sani, filin da aka yi wa rajista aka ba shi titre foncier ya fita daga hukuncin al'ada ya koma rubutacciyar doka. Mai wannan takarda da wuya a kayar da shi da shaidar baki.

Kasuwanci: kotun ƙarshe tana Abijan

Nan ne mutane da yawa za su yi mamaki. A kan yawancin rigingimun kasuwanci, maganar ƙarshe ba a Yamai take ba. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993, mai ƙasashe 17 da suka haɗa dokokinsu na kasuwanci wuri ɗaya. Kotun ƙolin wannan ƙungiya, CCJA, tana zaune a Abijan. Idan shari'a ta shafi dokokin OHADA, kamar kamfani, jingina, karɓar bashi ko kama dukiya, to bayan kotun ɗaukaka ƙara can ake nufa, cikin wata biyu, kuma sai da lauya. Bambancinta da kotun ƙolinmu shi ne, in ta rushe hukunci ba ta mayar da shari'ar baya, ita da kanta take yankewa. Hukuncinta kuma yana aiki a duka ƙasashen 17.

A cikin gida, dokar 2015 ta kafa kotunan kasuwanci, ta Yamai ta fara aiki a 2016, inda alƙalai ke zama tare da wasu 'yan kasuwa da aka zaɓa. Inda babu irinta, babbar kotun wurin ce ke ɗaukar shari'ar.

Akwai abubuwa uku a dokokin OHADA da ya kamata kowane mai kanti a Kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi ya sani. Na farko, tsakanin 'yan kasuwa ana iya kafa hujja ta kowace hanya, har da ta na'ura. Littafin bashinka, rasiɗin tura kuɗi, saƙon da abokin cinikinka ya aiko maka a WhatsApp yana cewa zan biya bayan salla, duk alƙali yana iya dubawa. Kada ka goge.

Na biyu, bashi yana tsufa a idon doka. Ƙa'idar gaba ɗaya shekara 5 ce tsakanin 'yan kasuwa, a cinikin kaya kuma shekara 2. Mu nan kunya ce ke kashe mu. Ka bi mutum kuɗin buhunan wake ko albasa, kana jin nauyin surukuta ko maƙwabtaka, ka yi shiru har lokaci ya ƙure. A wurin Allah bashi yana nan, amma a kotu wanda kake bi yana iya cewa wa'adi ya wuce, kuma a karɓa masa.

Na uku, akwai gajeriyar hanyar karɓar bashi, inda mai bin kuɗi zai kai takardunsa alƙali ya ba da umurnin biya ba tare da an kira wanda ake bi ba. Da, wanda aka kai wa wannan umurni yana da kwana 15 ya ce bai yarda ba. An gyara dokar a Kinshasa cikin Oktoba 2023, ta fara aiki a Fabrairu 2024, wa'adin ya koma kwana 10. In ka bari kwana goman nan suka wuce, takardar ta zama hukunci, wisiye yana iya zuwa ya rufe asusunka a banki ko ya ƙirga kayan kantinka, ko da kuwa ka biya rabin kuɗin tun tuni.

Sai kuma maganar iyaka. Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Cadi, Kamaru da Kodebuwa duk suna cikin OHADA. Najeriya da Gana ba sa ciki. Alhali kuwa cinikin Maraɗi da Damagaram ya fi karkata ga Jibiya, Katsina, Mai'aduwa da Kano. Hukuncin da ka samu a Maraɗi ba zai tsallaka Ɗan Isa ya kama dukiyar wani a Kano haka kawai ba, sai an bi wata doguwar hanya a kotunan can. Wannan na cikin dalilan da suka sa amana, dillali da fatoma suke riƙe da cinikin kan iyaka har gobe. Amma amana ba ta hana a rubuta.

Ƙara da hukuma: ana iya ci, sai dai karɓa

Sau da yawa masu saurare suna tambayarmu ko talaka yana iya kai gwamnati ƙara. Doka ta ce yana iyawa. Malamin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba, ɗan kwangilar da aka soke wa aiki, ɗan takarar sarauta da yake ganin an yi maguɗi a zaɓen mai gari ko sarki, mai gonar da aka yanka fili ba a biya shi ba, kowannensu yana da hanyar neman a soke matakin hukuma. Yawanci sai ka fara rubuta wa wanda ya ɗauki matakin, ko na gaba da shi, ka nemi ya janye. In ya ƙi ko ya yi shiru, sannan ka je gaban alƙali. Nan ma wa'adi gajere ne, kuma ƙararraki da yawa a nan suke faɗuwa tun ba a duba gaskiyarsu ba. Ka riƙe kwafin wasiƙarka mai hatimin ranar da aka karɓa.

Game da karɓar ƙasa don amfanin jama'a, dokar 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka gyara a Yuli 2008, ta ce sai an biya diyya ta adalci, kuma kafin a karɓa. Garuruwanmu suna faɗaɗa, Maraɗi tana cin gonakin da ke kewaye da ita, ana shimfiɗa hanyoyi da bututun mai. Tun da aka rusa majalisun kwaminoni a Afrilu 2024 aka naɗa wakilan gwamnati a kansu, babu kansilan da manomi zai je ya kama wa riga. Saboda haka hanyar alƙali ta ƙara muhimmanci.

Matsalar tana gaba. Ka ci shari'a da ɗan kasuwa, wisiye ya kama motarsa. Ka ci shari'a da gwamnati ko kwamin, doka ta hana a kama dukiyarsu da ƙarfi. Sai ka ga mutum riƙe da hukunci mai hatimi yana zarya daga ofis zuwa ofis. Gyaran dokar OHADA na 2023 ya kawo ɗan sauƙi: in ka rubuta musu neman biya aka yi wata uku shiru, ana iya neman a shigar da bashin cikin kasafin kuɗinsu dole. Mataki ne mai kyau a takarda. Amfaninsa kuwa sai ranar da mai haƙƙi ya ga kuɗinsa a hannu.

Ƙofar da ta rufe

Akwai wata shari'a da ta nuna dukan wannan tsani, kuma daga yankinmu ta fito. Hadijatou Mani, 'yar jahar Tawa, an sayar da ita a 1996 tana shekara 12, a kan jika 240 na sefa, ta zama wahaya. A 2005 aka ba ta takardar 'yanci, amma wanda ya saye ta ya ce matarsa ce. Kotun al'ada ta Ƙonni ta ce babu aure a 2006. Babbar kotun Ƙonni ta juya hukuncin. Kotun ƙoli ta wancan lokaci ta rushe na biyun a ƙarshen 2006, amma a kan kuskuren ƙa'ida, ba ta taɓa maganar bauta ba. Da ta auri wanda take so, har kurkuku ta shiga bisa zargin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria da lauyoyi ta kai ƙara kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008, a zaman da ta yi a Yamai, kotun ta ce Nijar ta kasa kare ta daga bauta, alhali dokar 2003 ta mayar da bauta babban laifi, ta kuma umurci a biya ta miliyon 10. Gwamnati ta biya.

Abin lura shi ne, kotun CEDEAO tana karɓar ƙarar mutum ɗaya ba tare da sharaɗin sai ya ƙare matakan gida ba. Nijar, Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Hukumomi sun bayyana dalilansu, kuma babu wanda ya manta wahalar takunkumin 2023, lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wuta. Mutane da yawa sun goyi bayan ficewar. Amma ko kana goyon baya ko ba ka yi, sakamakon a fannin shari'a ɗaya ne: wadda ta sami kanta yau a halin Hadijatou ba ta da waccan ƙofa. A 2021 Nijar ta amince 'yan ƙasa su kai ƙara kai tsaye kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya, sai dai ita sai ka ƙare matakan gida tukuna. Ma'ana, nauyin da ke kan alƙalan gida ya ƙaru, musamman na kotun ƙoli.

Ita kanta gwamnati tana shari'a a waje. Bayan an janye wa kamfanin Orano na Faransa lasisin Imouraren a Yuni 2024, kamfanin ya kai ƙara cibiyar sasanta rikicin zuba jari ta Bankin Duniya da ke Washinton, CIRDI, daga baya kuma aka mayar da Somaïr ta Arlit hannun ƙasa a Yuni 2025. A Satumba 2025 masu sasantawar suka ce kada Nijar ta sayar da yuraniyom ɗin da ake jayayya a kansa kafin a gama. Hukumomin Yamai kuwa sun ce arzikin ƙasa ne, kuma ƙasa ke da ikon sayar da shi. Wannan shari'a ta shafe mu, don in an ci riba baitulmali ne, in an yi hasara ma daga can za a biya, wato daga kuɗin asibiti da makaranta. Kuma Nijar ta taɓa cin moriyar kotun duniya: a Yuli 2005 kotun Hague ta ba ta tsibirin Lete a shari'arta da Benin, aka rabu ba tare da harbin bindiga ba.

Abin da muke gani ya kamata

Na farko, 'yancin alƙali. A Agusta 2025 hukumomi sun rusa ƙungiyoyin ƙwadago na fannin shari'a, har da SAMAN ta alƙalai, suna zarginsu da fifita buƙatun kansu. An kori wasu shugabanninta daga aiki, lauyoyi suka yi yajin aiki don nuna rashin amincewa. Kowa ya san mutanen karkara suna da ƙorafi a kan jastis: jinkiri, ɗage zama, zargin cin hanci. Gyara wajibi ne. To amma alƙalin da zai soke matakin gwamna ko minista saboda wani manomi, sai ya kasance ba ya tsoron abin da zai same shi gobe. In wannan tabbaci ya raunana, mai ƙara da hukuma shi ne zai fara ji a jikinsa.

Na biyu, harshe. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da turanci kuma harsunan aiki. To hukunci fa? Har yanzu da faransanci ake rubuta shi, mai shari'a yana tsaye yana jiran tafinta. Muna ganin lokaci ya yi da kotun ƙoli za ta riƙa fitar da taƙaitaccen bayanin manyan hukuncinta kan gona, gado da diyya da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci da sauran harsunanmu. Gidajen rediyon karkara a shirye suke su watsa. In mai gari ya san abin da kotun sama ta tsayar a kan aro da jingina, sulhun da zai yi zai fi ƙarko.

Na uku, lauya. Kusan dukan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke. Tun Disamba 2011 doka ta kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali da shawara da kuma lauya kyauta, tana da ofisoshi a manyan kotuna. Mutane ƙalilan ne suka san da ita. In ka je kotu, ka tambayi ofishinta kafin ka faɗa hannun 'yan kamasho da ke ƙofar jastis suna cewa sun san alƙali.

Na huɗu, aiwatarwa. Gwamnatin da ke son 'yan ƙasa su bi hukunci, ita ce ya kamata ta fara biyan wanda ya kayar da ita. Nan ne talaka zai gane ko hatimin kotu yana da nauyi.

Mu kuma namu aikin ba ya buƙatar jiran kowa. Kafin a buɗe gonaki ga dabbobi, mu je Cofo mu rubuta gonakinmu, har da waɗanda muka ba da aro. In an yi sulhu gaban sarki, a karɓi PV a adana. In an ba da bashi, a rubuta, a sa rana da shaidu. In wisiye ya kawo takarda, kada ta kwana ba a karanta ba. In kuma akwai hanyar shiryawa da ɗan uwa, a shirya, don kuɗin shari'ar shekara biyar yakan fi kuɗin gonar da ake faɗa a kanta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ku aiko mana da tambayoyinku da ra'ayoyinku, na gida da na waje, za mu karanta su a shirinmu na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu ci amfanin da muka noma cikin kwanciyar hankali.